Suna Na Bakwai

Wace ce ta koya muku tambayar babba irin wannan magana? Ku da ba ku iya wanke tukunya ta fita ba, kuna son jin abin da ya kusa raba gwaggonku Lauratu da mijinta! To ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa.

Lokacin Turawa ba su tafi ba. Mijin nata Mika'ilu yana aiki a gidan rediyo a Kaduna, shi ke karanta labarai, ran Laraba kuma ya zaunar da manya yana yi musu tambayoyi kan haraji da zaɓe. Ni ban ɗauki wannan sana'a ba, mutum ya rufe kansa a ɗaki yana surutu! Amma Lauratu na son sa, kakanku ya ba shi. Shi ya sa aka ja mana waya har nan Tudun Wada, aka rataye akwatin magana a jikin ginshiƙin rumfa.

Wata bakwai da auren, Lauratu ta zo ganin gida. Da asuba kakanku ya hau motar Funtuwa da kayan ƙiraga. Bayan azahar ina tankaɗe, ita ta tsuguna ƙarƙashin akwatin tana sauraron Mika'ilu, tana murmushi kamar yana ganin ta.

Sai muka ji muryarsa ta canza. Ya ce yanzu aka miƙo masa takarda, mota ta kife a hanyar Funtuwa, ga sunayen da aka samu a aljihun mamata. Ya kira shida. Akwatin na ta shuuu, na ajiye rariya. Sannan ya kira na bakwai.

Sunan kakanku ne. Sunan da ni ban taɓa furtawa ba shekara ashirin da shida, surukinsa ya faɗe shi tsirara, ba Malam ba komai, masu shayi da masu faci suna saurare. Lauratu ta yanke jiki ta faɗi.

A nan ba haka ake kawo mutuwa ba. Dattawa ke zuwa, su yi sallama, su zauna, su ce jikin ya yi tsanani, sai zuciya ta shirya sannan a faɗa.

Ƙanen kakanku, Labaran, ya kwashi maza suka tafi a take, suka dawo da shi, aka yi masa sutura a nan. Ran uku Mika'ilu ya iso, ya cire takalmi tun daga bakin titi, ya durƙusa a zaure. Ina ji ta bayan labule yana ba Labaran haƙuri.

— Baba, wallahi ina kan aiki aka ba ni takardar. Ban ga sunan ba sai da idona ya kai kansa.

— Bakinka fa? Ɗinke shi aka yi a buɗe?

— Oda ce daga ofis, a kira duka.

— To koma ofis su ba ka mata! Ko ka bar aikin, ko ka ba mu takardar sakin 'yarmu.

Ni na goyi bayan Labaran. Na sa aka tsinke wayar.

Lauratu ba ta yi mini musu ba ko sau ɗaya. Ita ke yi mini girki ina takaba, tana ramewa kamar kara. Duk Juma'a Mika'ilu ya biyo jirgin ƙasa daga Kaduna, ya durƙusa a zaure har la'asar, ba mai amsa gaisuwarsa. Ita kuma ta tsaya jikin bango tana kuka ba sauti. Na ce, "Ki cire shi a ranki." Ta ce, "Inna, duk abin da kika yanke. Amma ba zan ce miki na daina son sa ba." Labaran ya sa ranar fitata takaba ta zama ranar karɓar takarda.

Saura kwana biyu Kulu mai ƙosai ta shigo. Ɗanta Isiyaku yana cikin motar nan, amma ba ko takardar haraji a aljihunsa, ba a kira shi ba. Kwana tara tana ajiye masa tuwo, sai hularsa aka kawo mata. Ta zauna a tabarmata ta ce, "Ke an kawo miki naki, 'yan'uwansa sun wanke shi. Nawa leburori suka rufe kafin magariba, har yau ban san gefen da yake ba. Da ma surukinki ya kira nawa, ko da zagi ne."

Ban iya cin abinci ba ranar.

Da Labaran ya zo da shaidunsa, Mika'ilu na durƙushe a gabansu, na fito zaure da kaina. Na ce, "Da yaron nan ya haɗiye sunan don kunya, ina za ka samo yayanka?" Ya buɗe baki, na ce, "Ni aka yi wa mutuwa. Mika'ilu, tashi, gwiwarka ta huta. Lauratu, ɗauko mayafinki."

Sai a lokacin Mika'ilu ya fashe da kuka, ƙato da shi.

Kun dai ji. Da ta yi mini tsiwa, ko shi ya yi zuciya ya daina zuwa, da Kulu ta tarar an riga an raba su. Haƙurinsu ne ya riƙe auren har gaskiya ta iso. Ku riƙe wannan.

Ke, share hancinki. Ku kwashe kwanukan nan, kowa ya wuce ya kwanta!