Idon Mai Tsaron Raga

Da hantsi aka bugo wa ofishin 'yan sanda waya daga asibitin ido. Sufeto ta ajiye kofin shayinta, ta ɗauki hula, ta ce wa Kofur ya tayar da mota.

Likitar ido ta tare su a baranda, fuskarta ba walwala. Ta ce da safe aka kawo wani saurayi yana kururuwa, hannu biyu a fuska. Mai tsaron raga ne na wata ƙungiyar ƙwallo, kowa Gola yake ce masa. Ba ya gani sosai daga nesa, tabarau kuma ba ya zama a fuskar mai tsalle yana faɗuwa. Shi ya sa kwanan nan ya sayi lens, ɗan siririn tabaran nan mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Yau yana saka na dama, ido ya kama da wuta.

"Wannan ba ƙwayar cuta ba ce, ƙunar asid ce," in ji likitar. "Na hagu ya samu kaɗan da ya murza da yatsa, zai warke. Na dama kuwa sai addu'a."

Ta miƙo robar ruwan wanke lens da maƙwabta suka taho da ita. Sufeto na ganin tambarin shagon da ke jiki ta gane robar. Irinta sak ke gaban madubin autarta, wadda ta yi ta naci har aka bar ta ta saya.

Ta juya baya ta kira yarinyar. Waya ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, shiru. Ta tura mata saƙo cewa ta cire abin da ke idonta yanzu yanzu, sannan ta shiga ɗakin mara lafiya.

Gola na kwance, an naɗe masa ido biyu da bandeji. A gefensa wani ƙaƙƙarfan mutum ne cikin kayan gareji, idanunsa jajir. Yayansa ne, makanike, wanda ya riƙe shi tun rasuwar iyayensu.

Da ƙyar Gola ya yi magana. Ya ce yau ne masu neman 'yan wasa daga ƙasar waje za su zo kallonsa. Ya bi duk ƙa'idar da aka gaya masa: yana wanke hannu kafin ya taɓa, ba ya kwana da lens, bai taɓa wanke shi da ruwan famfo ba, kullum kuma sabon ruwa yake zubawa a ɗan mazubin da yake jiƙa shi.

"Kai kana ina lokacin?" Sufeto ta tambayi yayan.

"Na yi sammakon gareji, ranki ya daɗe. Maƙwabta ne suka kira ni."

"Ka san yadda ake amfani da abin?"

"Ina ni ina wannan? Ko taɓa shi ban taɓa yi ba. Ki tambayi mai shagon, ki kuma tambayi wancan da ke jiran gadon ragarsa."

Likita ta leƙo ta nuna wa yayan yadda zai riƙa ɗiga wa ƙaninsa magani, tunda ma'aikatan jinya sun yi ƙaranci. Sufeto ta ba Kofur robar ya kai ɗakin gwaji, ita ta wuce shagon tabarau.

Mai shagon na ganin kaki ya fara gumi. Ya rantse sai da ya auna idon Gola da na'ura kafin ya sayar masa. Sufeto ta ce ya kunna na'urar ta gani. Ya yi ta danne-danne, ko ƙyas ba ta yi ba, ƙura ma ta yi mata lulluɓi.

"Ta lalace tun bara," ya ce a sanyaye. "Da lambar tsohon tabaransa na zaɓa masa. Na san ya kamata in tura shi wurin likita. Amma ruwan nan a liƙe yake zuwa, ki duba da kanki."

"Mutum nawa ka sayar wa irinsa?"

Ya ce da yawa, yawanci 'yan makaranta ne masu fara sakawa. Sufeto ta yi lissafi. In a ruwan da shagon ke sayarwa gubar take, to kafin yamma asibitin nan ba zai ɗauki jama'a ba, har da autarta a ciki. Ta sa aka rufe shagon, ta tsaya a bakin titi tana kallon wayarta kamar za ta huda ta.

Can wayar ta yi ƙara. Auta ce, tana dariya, wai tana cikin aji ne, kuma yau ma tabaranta ta saka don ta makara. Sufeto ta dafa murfin mota, ta gode wa Allah. Ba a jima ba Kofur ya kira ya ce ruwan robar lafiyarsa ƙalau. Ke nan ba daga shago ba ne, hannun wani ne.

A filin ƙwallo suka sami gola na biyu, wani dogo mai rawar kai, yana zaune shi kaɗai a benci. Ya ce bai taɓa kusantar jakar Gola ba. Kofur ya ɗaga rigar da yake zaune a kai, sai ga safar hannun Gola a ƙarƙashi.

Yaron ya fashe da kuka. Ya ce jiya ya ɗauke ta don Gola ya rikice yau, iyakar abin da ya yi ke nan.

"Mazubin lens ɗin fa? Ka gan shi a jakar?"

"Ba ya zuwa da shi fili, a gida yake barinsa. Ai shi ba ya ma iya sakawa, da ya kai yatsa sai ya runtse ido. Yayansa ke saka masa kullum da safe, har tsokanarsa muke yi, muna ce masa ɗan lelen Yaya."

Sufeto da Kofur suka dubi juna.

Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. A kan taga suka sami mazubin, ɗan ƙarami mai murfi biyu, na dama a buɗe. Sufeto ta sunsuna, wani tsami ya soki hancinta. A bayan ƙofa kuwa an jera tsofaffin batiran mota, a kan ɗaya da robar da makanikai ke zuƙar ruwan asid na batir da ita, bakinta da sauran danshi.

Nan take ta tuna wanda ta bari a gefen gadon, da kwalbar maganin da likita ta danƙa masa. Yaro ba ya gani, kuma ido ɗaya ya rage masa.

"Kofur, asibiti. Kunna jiniya."

Ta kira likitar a hanya, aka ce tana ɗakin tiyata. Cunkoso ya tare su a shataletale. Sufeto ta buɗe ƙofa ta sauka, ta ƙarasa da gudu.

Ta tarar da yayan ya ɗage bandejin hagu, kwalba a hannunsa, ya sunkuya a kan Gola.

"Ajiye wannan," ta ce a hankali.

Ya ajiye. Ta ɗauka ta sunsuna, ta ɗiga a bayan hannunta ta jira. Magani ne kawai. Gola ya yi luf kamar mai barci. Ta ja yayan zuwa bakin ƙofa.

"Ka ce ba ka taɓa taɓa lens ɗin ba, alhali kai ke saka masa kullum. Me ya fitar da kai da sammako yau?"

Ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Na ga batiran, na ga robar."

Mutumin ya sulale ya durƙusa. Cikin raɗa ya ce su uku iyayensu suka bari. Na tsakiyan ma ɗan ƙwallo ne, ya bi wani dillali ƙasar waje da alkawura kala-kala, har yau ko gawarsa ba a gani ba. Ya roƙi Gola, ya yi faɗa, ya yi fushi, yaron ya ƙi ji.

"Ɗigo ɗaya na sa, har na sirka da ruwa. Na ɗauka ido zai yi ja ne kawai ya fasa zuwa fili. Na kasa saka masa da hannuna, shi ya sa na gudu gareji. Na ce tsoro ba zai bar shi ya saka da kansa ba ma. Ashe yau zai daure."

Kofur ya iso yana haki, ya ciro ankwa. Yayan ya haɗa hannu yana roƙon a bari sai sun fita, kada yaron ya ji ƙararta. Sufeto ta gyaɗa kai. Suka ɗaga shi, ya bi su yana taka ƙasa a hankali.

Har sun kai ƙofa, murya ta fito daga kan gado, ƙasa-ƙasa, ba alamar barci a cikinta.

"Yaya, da ka ce min tsoro kake ji, ai da na zauna."

Yayan ya tsaya cak, bai iya juyowa ba. Kofur ya kama hannunsa suka fita. Sufeto ta dawo ta gyara wa Gola bandejin da aka ɗage, ta ji ya jiƙe sharkaf.