Kunkurun da Na Bari a Gindin Mangwaro

"Ajiye sukudireban nan, Gilmar!"

Ni kaina ban san ina da murya haka ba. Ni Jussara, da ko gaisuwa sai na yi bitarta a zuci kafin ta fito.

Ranar ce Seu Aristides yake rufe shagonsa na hayar wasannin talabijin a unguwarmu da ke birnin Belém na ƙasar Brazil. Gilmar, ɗan ƙanwar Mama, yana kwasar tsofaffin kaset zai sayar a intanet, yana buɗe su yana sa sabon batir. Wanda ke hannunsa shi ne wasan kunkuru mai hawa tsani yana kunna taurari.

"In ka cire batirin, duk abin da aka ajiye a ciki ya tafi," na ce.

"Ya tafi mana. Yanzu harbi ake yi, tsohuwa. Wa zai zauna kallon kunkuru?"

A shagon nan ba a goge ajiyar wani, kowa ya sani. Da ina ƙarama na tarar guraben ajiyar sun cika, sai na ɗora a kan ta wani. In ɗauka Juma'a, in mayar Litinin. In na dawo sai in ga taurari sun ƙaru... Ban taɓa ganin mai ƙara su ba. Saura tauraro ɗaya, wanda sai mutum biyu ke kunna shi, Mama ta hana ni zuwa, wai wurin maza ne.

"Ke ce kike barin kunkurun a gindin mangwaro?"

Na juya. Wani dogo ne mai gyaran rediyo, da kwali a kafaɗa.

"Ruwa ake yi a wasan," na ce. "Kada ya jiƙe."

"Kunkuru ne fa, 'yar Juma'a." Ya sauke kwalin a hankali. "Sunana Valdeci. Ni ne na Talata. Kullum sai na dawo miki da shi gindin bishiyar."

Seu Aristides ya zare kaset ɗin daga hannun Gilmar.

"Wannan da ajiyar mutane a ciki, ɗana. Nemi wani."

Ya hura masa iska, ya cusa shi a na'ura. Allon ya tsaya baƙi. Ya sake hurawa...

Sai sama ta buɗe. Taurari sun cika allon, nawa da nasa, ba ka iya rabe su. Ga kunkuru a inda na bar shi, bayan duk shekarun nan, yana jira.

Muka nufi tauraron nan ɗaya da ya saura: a cikin wasan ni na riƙe tsani, Valdeci ya hau.

"Kada ki sake ni," ya ce.

"Ba zan sake ba."

Da tauraron ya kama, hasken ya cika fuskokinmu.

Da ya fito neman aurena, Mama ta so ta ƙi shi, wai mai kwance rediyo ba miji ba ne. Ya zo ranar Lahadi da açaí, abin shan nan na 'ya'yan itace, da na'urar da kaset ɗin kunkuru, ya miƙa mata rimot. Da la'asar sai ga ta tana faɗa wa kunkuru ya yi sauri.

Bayan ɗaurin aurenmu ta ja ni gefe.

"Gurbin ajiya na uku a kaset ɗin nan nawa ne yanzu, 'yata. Kada wanda ya goge min."