Nomau Ɗan Tsahara

A wani zamani can da, an yi wani saurayi, Nomau, wanda aka haifa ba aure. Masu kara su ce ɗan gaba da Fatiha, marasa kara su ce shege. Uwarsa Tsahara da surfe ta rene shi, har Allah ya ɗauke ta.

Ranar gayya a gonar Sarkin Noma, makaɗi yana wasa kowa da sunan ubansa, ya tsallake Nomau. Nomau ya duƙa, ya yi ta noma, ya yi ta noma, har ya riga kowa kai ƙarshen gona.

Makaɗi ya sosa ƙeya, ya ce, "To, wannan ɗan wa zan ce?" Samari suka kwashe da dariya.

Sarkin Noma ya ce, "Ce ɗana. Na ara masa suna."

Nomau ya share gumi, ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Amma bayan da ya goye ni ba na aro ba ne. A ce ɗan Tsahara."

Ganga ta ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa, sunan Tsahara ya ratsa gonaki har inda take kwance.