Dutsen da Ya Fi Ƙarfin Faɗinsa

"Kowa ya kwanta! Kai tsoho, ɗaga hannu!"

Tsakar rana ce a Titi na Arba'in da Bakwai, layin 'yan lu'ulu'u na New York. Lazlo, ogan tawagar, ya ɗora wa mai shagon bindiga a ƙeya. Arkadi kaɗai ya shiga ɗakin ajiya, don shi ya san duwatsu. Shekara tara ya yi yana ɗora su kan zobba kafin a kore shi. Ya damƙo 'yar takardar da aka naɗe babban dutsen, ya fito.

Minti biyu! Marisol, direbarsu, ta fizgi mota, jiniyar 'yan sanda na tashi can bayansu.

Sai da suka haye gada suka ɓuya bayan wani tsohon gareji, sannan Lazlo ya juyo. "To malamin duwatsu, auna mana."

Arkadi ya matse dutsen a bakin ma'auninsa. "Faɗinsa milimita sha ɗaya. Nauyinsa karat biyar ke nan, Oga."

"Bar ni da lissafin ka. Ɗora a sikeli."

Ya ɗora. Takwas da rabi.

Lazlo ya buga kujera yana dariya. "Kun ga ɗan iska? Har ya rage mana uku da rabi da baki!"

Arkadi bai yi dariya ba. Gumi ya tsattsafo masa. Lu'ulu'u mai wannan faɗin ba ya wuce biyar. Wanda ke yin wannan nauyin sai na jabu, irin da 'yan kasuwa ke nuna wa baƙi su ɓoye na gaske a banki. In ya faɗa, wa zai yarda ba shi ya musanya ba? Shi kaɗai ya shiga ɗakin.

"Oga, ku sauke ni nan, cikina ke murɗa. Ku je wurin mai sayen, a ajiye min kasona."

"Kai? Ka bar kasonka a hannuna?" Dariyar Lazlo ta ɗauke.

Marisol ta kalli Arkadi ta madubi. Ta taɓa aikin kanti a layin, ita ma ta gane. Ya roƙe ta da ido.

"Oga," ta ce a hankali, "dutsen nan ya fi ƙarfin faɗinsa. Na jabu ne. Ni dai ban bar sitiyari ba."

"Ina na gasken, Arkadi?"

"Na rantse haka na ɗauko shi! Caje ni!"

"Haɗiyewa ka yi ke nan."

"Oga, tsaya—"

Tau! Tau!

Ƙarar ce ta jawo 'yan sandan da ke sintiri a layin baya. Suka tarar da Lazlo durƙushe, yana zazzage takalman gawar Arkadi. Marisol ta fito hannu sama.

Ɗan sandan da ya tsinci dutsen a ƙasan kujera ya juya shi a tafin hannu, ya dubi jinin da ke bin taya.

"A kan wannan?" ya ce. "Matata na da irinsa. Dala ashirin."