Ram Ɗin Fatihu

Ranar da Jannatu ta fara ganin Misbahu, a fusace take. Tun hantsi take fama da kwamfutar shagon, tana so ta buga wa wasu ɗalibai aikinsu, na'urar kuwa tana ja kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi. Ɗaliban suka gaji, suka tafi wani shagon. Shi kuwa yayyafi ne ya koro shi, ya fake a bakin ƙofa da jakar kayan gyara a kafaɗa.

Ya saurari kukan fankar da ke cikin akwatin, sannan ya ce, "Malama, wannan ba mutuwa ta yi ba. Faifai ne ya yi mata kaɗan."

Ta ce in boka ne ya faɗi magani, in ba haka ba ya bar ta da abin da ya dame ta. Ya yi dariya, ya ce kwamfuta tana da rumbu inda take ajiya, tana kuma da faifai inda take baza abin da take aiki a kai, shi ne ake kira ram. Rumbunta lafiya lau. Amma mai tankaɗe da faifai kamar tafin hannu, ko buhu ɗaya sai ya kai ta magariba.

Shagon ba nata ba ne. Na yayanta ne Fatihu, wanda kwale-kwale ya kife da shi a kogin Haɗeja bara waccan, ba a ga gawarsa ba. Ya bar 'yarsa ƙarama, Adila. Mahaifinsu Malam Tukur, Baffa kamar yadda suke kiransa, wanda kakanninsa suka bar kiwo suka kama noman shinkafa, ya ƙi a raba gado. In aka taɓo maganar sai ya ce ba ya raba kayan wanda bai binne ba. Da ruwa ya cinye masa gona, ya yarda Jannatu ta buɗe shagon a samu na cefane, da sharaɗin ko allura kada ta fita daga ciki, don kayan marainiya ne.

Washegari Misbahu ya dawo. Ya kwance murfin akwatin, ya hure ƙurar da ta toshe fanka, ya kashe tarkacen manhajojin da ke tashi tare da na'urar ba a kira su ba. Gurbin ram biyu ne, ɗaya cike ɗaya wofi. Ya zare ɗan ƙaramin na Fatihu, ya sa manya guda biyu da ya ciro daga tasa kwamfutar, giga biyu ya koma takwas. Tsohon ram ɗin kuwa ya jefa shi cikin gwangwanin tarkace da ke jakarsa, yadda kowane mai gyara yake yi, ko tunani bai yi ba. Sabo turken wawa.

Kwamfuta ta tashi kafin Jannatu ta gyara zama. Ta dube shi, ya dube ta, daga nan abin ya kama.

Ya riƙa turo mata saƙo: "Sanyin idona, yau faifan ya ishe ki?"

Ita kuma: "Ya ishe ni, Injiniyana. Mai faifan ne bai leƙo ba."

Damina ta yi nisa, magana ta kai ga zai turo magabatansa. To akwai Ja'afaru, dillalin shinkafa, wanda ya daɗe yana zarya gidan Malam Tukur, Jannatu ba ta sauraronsa. Shi ya raka Malam Tukur shagon wata rana, ya yi ta yabon saurin na'urar, sannan ya ce ai masu gyaran nan ba sa zuba sabo sai sun kwashe tsoho.

Malam Tukur ya sa aka kira Misbahu, ya tambaye shi ko ya cire wani abu. Misbahu ya ce ya cire, amma abin da ya sa ya ninka shi.

"Ban tambaye ka abin da ka sa ba. Ina abin ɗana?"

Misbahu ya zazzage gwangwani, babu. Sai ya tuna ya sa shi a kwamfutar wani Gambo mai shagon buga takardu a garin Miga. Tsohon ya ce wanda hannunsa bai ji nauyin kayan marainiya ba, ba zai ji nauyin 'yar mutane ba. Ya ce ya kawo ainihin abin da ya ɗauka, kafin nan kada ya sake taka masa ƙofa.

A makon nan jingar da ke tare kogi ta karye. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya bi gonaki, ya yanke hanyar Miga. Wayar Gambo ba ta shiga. Shinkafar Malam Tukur ta sake tafiya, wannan karon tana gab da nuna. Ja'afaru ya riƙa aiko da buhu, gida ya riƙa ci, kowa kuma ya san wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Babu wanda ya tilasta wa Jannatu, amma tana ganin yadda Ummanta take sunkuyar da kai in an ɗora tukunya.

Ta rubuta wa Misbahu: "Injiniyana, na gaji. Duk ram iri ɗaya ne, kore ne da ɗan zinare a baki. Ka ɗauko ɗaya a gwangwaninka ka kawo. Baffa ko sunansa a boko ba ya karantawa, ba zai gane ba."

Ya karanta saƙon. Sannan ya rubuto: "Sanyin idona, shi ba zai gane ba, ni zan gane. Kullum na durƙusa gaishe shi zan tuna. Ki yi mini addu'a, gobe zan shiga ruwa."

Ta kira shi tana kuka, ta ce kogin nan ya riga ya karɓi ɗaya a gidansu, kada ya ba shi na biyu saboda ɗan abin da bai kai tsawon yatsa ba. Ta ce in ya tafi kada ya sake kiranta. Ya tafi.

Ya hau mota har inda kwalta ta nutse, ya hau kwale-kwale, ya taka taɓo. Kwanaki suka wuce babu labari. Jannatu ta daina buɗe shago. Takan zauna ta kalli waya, ta tuna maganar ƙarshe da ta gaya masa. Malam Tukur ma ya rage magana, amma bai janye tasa ba.

Wata la'asar aka yi sallama. Misbahu ne, ya rame, ƙafafunsa sun tsattsage. Ya durƙusa gaban tsohon a zaure, ya kwance wani ƙyalle. Shagon Gambo ya rushe, kwamfutar ta kwana a ƙarƙashin ruwa da laka, da hannu suka tono ta. Ram ɗin ya yi tsatsa, taɓo ya bushe a jikinsa.

"Baffa, ga shi. Shi ne, amma ya mutu. Ba zai sake aiki ba har abada. Ni na jawo."

Jannatu tana bayan ƙofa tana ji. Ta san an gama. Ya ɗauki abu mai rai, ya dawo da gawa.

Malam Tukur ya karɓa. Ya juya shi a tafinsa, ya murza taɓon da yatsa, ya kai hanci. Warin kogi ne, wanda duk mutumin Haɗeja ya sani. Ya daɗe a haka, har hawaye ya jiƙa masa gemu.

Ya ce, "Tun da Fatihu ya tafi, kogin nan bai dawo mini da ko hularsa ba. Kullum cewa nake wata rana zai yi sallama. Yau ga abinsa ya fito daga ruwa, kuma na ga yadda ruwa yake mayar da abu."

Ya tambayi Misbahu ko babu irinsa mai aiki a gwangwaninsa. Ya ce akwai da yawa. Tsohon ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba.

Bayan Juma'a ya kira liman aka raba gado. Kwamfutar ta faɗa cikin rabon Adila. Misbahu ya ce a gaban shaidu ya bar wa yarinyar ram ɗinsa guda biyu, halak malak, don kada wani abu nasa ya cakuɗa da na marainiya ba a sani ba. Malam Tukur ya aika wa Ja'afaru da godiya, ya ce a daina kawo buhu.

Da ruwa ya janye aka ɗaura aure. Ba a yi wani shagali ba, shekarar ba ta bar wa kowa abin shagali ba. Gonar tana nan fayau, rabin unguwa suna kwana a makaranta, ango ma kwamfutarsa babu faifai, sai ya jira hali. Dabino da goro aka raba, aka shafa fatiha.

Da za a tafi da amarya, Malam Tukur ya dafa kanta, ɗayan hannun yana cikin aljihu inda ƙyallen nan yake.

Ya ce, "Ban ba ki mai gona ba, ban ba ki mai shanu ba. Na ba ki wanda in ya ɗauka yana mayarwa, ko da gawa ce. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuri'a mai tsoron hakkin mutane, Ya tsare ku daga ruwa."

Mata suka amsa da amin. Misbahu ya sunkuyar da kai, Jannatu ta ja mayafi ta rufe fuska, suka fita ta kan buhunan yashin da har yanzu ba a kwashe daga ƙofar gidan ba.