Na'urar Da Ke Warin Daddawa

"Wallahi Umair ka ba ni kunya!"

Abin da na tare shi da shi ke nan, ko mashin bai gama kafewa a ƙofar gidanmu ba.

"Haba Fiddausi, ko sannu da zuwa babu?"

"Sannu da zuwa. Intanet ɗin ya sake ɗaukewa!"

Ya dafe kai. "Yau ma?"

"Yau ma! Baba yana tsaka da magana da Yaya Nasiru, hoton ya sandare baki buɗe. Baba ya yi ta 'alo, alo' har muryarsa ta dushe."

Umair ne wanda nake so, shekara biyu ke nan. Sana'arsa haɗa wa mutane intanet a gidaje da ofisoshi, kuma a GRA har layi ake bi kafin a same shi. Shi ya kawo mana 'yar na'urar waifai mai batir, wai ya burge Baba, saboda gidanmu na Ƙofar Sauri ginin ƙasa ne mai kauri, a cikin ɗakuna sabis ba ya shiga sai ta tagar ɗakin kakata Iya Mairo. A nan ya ɗora ta. Sati guda ta yi tana aiki lafiya lau, Baba yana ganin yayana Nasiru da ke karatu a Masar kullum bayan la'asar. Daga nan ta fara iskanci.

Abin haushin kuwa, da Umair ya shigo sai ta warke sarai.

Haka aka yi ran nan. Ya yi sallama ɗakin Iya, ga na'ura zaune bisa taga, fitilunta kore shar.

"Ga mijin nawa ya zo," in ji Iya tana taunar goro. "Mi ka kawo mani?"

"Gaisuwa, Iya."

"Gaisuwa ba ta cika ciki. Kai dai rowa za ta kashe ka."

Ya yi dariyar yaƙe ya hau aiki. Ya kashe ta ya kunna. Ya cire layin ya goge da bakin rigarsa ya mayar. Ya duba data, tana nan danƙam. Ya shiga cikinta ta wayarsa, sai na ga idonsa ya fito.

"Fiddausi... waya goma sha tara ne a kanta. Ku nawa ne a gidan nan?"

Mu huɗu ne. Ashe Baba ne ya rubuta lambar sirrin a takarda ya kai wa 'yan majalisar ƙofar gida, har da Tanko mai nama, wai haƙƙin maƙwabtaka. Umair ya canja lambar, ya fito yana taku ɗai-ɗai kamar wanda ya ci gasa.

Washegari bayan la'asar ta sake ɗaukewa.

Babana Malam Ado tsohon malamin firamare ne, kuma har yau duniya aji ce a wajensa, kowa ɗalibi. Ya sa aka kira Umair zaure. Ni kuwa na laɓe bayan ƙofa, Iya tana tsaye bayana wai ta zo neman takalminta.

"Umairu, ni ban da matsala da halinka," in ji Baba. "Amma ba ni ba mutum ɗiyata sai na ga aikin hannunshi. Aiki ɗaya ka yi mani, ga shi nan yana ta ɓallewa."

"Baba, in sha Allahu..."

"Ran Juma'a in an sauko masallaci zan kira Nasiru. In magana ta tafi daidai, ka turo manyanka. In ta yanke, ka koma ka ƙara koyon sana'a, mu sake zama baɗi."

Baɗi! Sai da na dafa bango. Ni na san Baba, in ya ce baɗi, to ko limamin unguwa ya zo roƙo sai baɗin.

Daga Litinin zuwa Laraba Umair ya zama ɗan gida. Ya canja batir. Ya kawo wani layin. Ya zagaye tsakar gida da waya a sama yana auna ƙarfin sabis, har ya yi tuntuɓe da turmi. Ya tambaye ni ko akwai wanda ke kunna wani inji kusa da ɗakin, na ce daga rediyon Iya sai fanka. Duk sanda yana nan, lafiya. Ya tafi da minti goma, shiru.

"Ko aljanu ne?" na tambaye shi ran Laraba, kuma da gaske nake.

"Aljanun da ke tsoron ƙarar mashin ɗina?" Ya juya na'urar a hannunsa. Sai ya kai ta hanci. "Masoyiya, shinshina nan."

"Umair, aurenmu na rawa kai kana shinshine-shinshine?"

"Shinshina dai."

Na shinshina. Daddawa! Ba kaɗan ba ma, irin wadda ta kwana biyu a rufe.

"Kuma ta yi zafi fiye da kima," ya ce a hankali. "Kamar wadda ba ta shan iska. Gobe zan zo, amma kada ki faɗa wa kowa."

Ran Alhamis ya bar mashin ɗin can bakin titi ya tako a ƙafa. Na shigo da shi sumul, ko tari bai yi ba. Wayarsa ba ta ganin waifai ko kaɗan. Muka doshi ɗakin Iya, sai ga ɗigo ɗaya na waifai ya bayyana a wayar. Ya yi sallama.

Ƙarar murfi muka fara ji, ƙwal!

"Wa... wane ne?"

"Ni ne, Iya."

"Ina babur ɗin naka? Ban ji shi ba!"

Muka shiga. Taga wayam. Iya kuwa tana zaune a ƙasa ta rungume babbar langarta, kwanon ƙarfen nan mai murfi da fenti ja wanda take ajiye daddawa da kuka a ciki tun ban san kaina ba. Ta ɗora gwiwar hannu a kan murfin tana kallon rufin ɗaki. Umair ya matsa taku ɗaya, ɗigon wayarsa ya zama biyu.

Na buɗe baki. Ya taka mani ƙafa.

"Iya, wucewa zan yi na ce in gaishe ki," ya ce har da russunawa. "A huta lafiya."

Ko zaure ba mu kai ba na fashe.

"Ka gani ai! A cikin langa take sa ta! Ƙarfe ne ke tare sabis ɗin, ko ba haka ba?"

"Haka ne. Ta rufe ta ruf, babu abin da zai shiga ko ya fita."

"To me ka tsaya yi? Muje wajen Baba!"

"A'a."

"A'a?!"

"Fiddausi, so kike in tsaya gaban Baba in ce mahaifiyarsa ce ke yi mana zagon ƙasa? In shiga gidanku da kunyata tsohuwa?"

"To sai ka shiga baɗi!"

"Ina son ki, Allah ya sani. Amma wadda ke jiran ƙarar mashin ta fito da ita, ta san abin da take yi. Tana da dalili. Je ki tambaye ta."

Na juya fuu, ko sai an jima ban ce masa ba. A raina ina cewa, wannan kirkin nasa shi zai tsufar da ni a gida.

Na tarar da Iya ta mayar da na'urar taga, tana ta goge ta da gefen zane.

"Iya, me na yi maki?"

"Ni? Ƙura nake kare mata."

"Iya!"

Ta daɗe tana murza carbi ba tana ja ba.

"Da fari don ƙurar ne, wallahi," ta ce. "Na ga abu mai daraja an yasar bisa taga. Sai na lura in na rufe ta, kowa ya aje waya ya fito tsakar gida a yi hira. Na ce ashe haka take. Ran nan kau na ji abin da ubanki ya ce ma yaron..."

"Sai kika ci gaba."

"Yaye aka kawo mani ke, Fiddausi. Kwana bakwai aka ce za ki yi ki koma ɗakin uwarki. Yau shekara ashirin da uku. Wa zai riƙa ce mani na bar fitila kunne? Wa zan yi ma faɗa da safe?" Muryarta ta karye. "Baɗi kawai na so. Shekara guda. Ban sani ba ko ina da wata bayanta."

Duk masifar da na ƙunso ta zube. Na faɗa jikinta ina kuka, tana bubbuga bayana tana cewa in tashi na danne mata ƙafar da ke ciwo. Ina son Umair kamar raina, amma a ranar na kasa ce wa Iya ta daina. Na kasa zuwa wajen Baba kuma. Na bar wa Allah.

Juma'a ta zo. Baba ya dawo masallaci ya shimfiɗa darduma a tsakar gida, ya saka tabarau. Mamata tana bakin madafa tana leƙe. Umair ya durƙusa gefe cikin farar shadda, gumi har ya jiƙa wuyan rigar. Ƙofar Iya a rufe.

Baba ya danna. Fuskar Yaya Nasiru ta fito.

"Assalamu alaikum Baba, ina wu..."

Ɗif.

Na ji ƙwal ɗin murfin daga inda nake. Na san Umair ma ya ji.

Baba ya sauke tabarau. "To, Umairu. Ka gano abin da ke damunta ko ba ka gano ba?"

Na ƙura masa ido, zuciyata na cewa faɗi, don Allah faɗi! Ya sunkuyar da kai.

"Baba, gyaran ya fi ƙarfina. Laifina ne. Zan jira baɗin."

Hawaye suka zubo mani. Ban san lokacin da na ce "Wayyo Allah" a fili ba.

Sai ƙofar Iya ta buɗe. Ta fito tana ɗingishi, rungume da langa, ta zo ta dire ta gaban Baba.

"Ado, buɗe."

"Iya, mi ke ciki?"

"Na ce buɗe!"

Ya ɗaga murfin. Ga na'ura kwance lumui a kan ƙullin daddawa. Fitilunta suka yi ja, suka yi ƙyafta-ƙyafta, suka koma kore. Ba a jima ba wayar Baba ta ɗauki ƙara, ya danna ba tare da ya sani ba, sai ga muryar Yaya Nasiru.

"Baba? Kuna ji na? Me ya sa kowa ya yi shiru?"

Mamata ta toshe baki da mayafi ta shige madafa, muna jin dariyarta daga can. Baba ya kalli langa, ya kalli uwarsa. Mutumin da ya shekara talatin yana tsare ɗalibai da ido, yau ya rasa inda zai sa nasa.

"Iya... daddawa?"

"Daddawa! Ni ke rufe ta, kuma yaron ga ya sani tun jiya. Ya kama ni dumu-dumu, ya gaishe ni ya fita. Yanzu kuma ya ɗauki laifin ya aza ma kanshi." Ta nuna Baba da yatsa. "Kai da ka ce aikin hannu kake son gani, to ka gani. Ka ba shi ita tun ban sake shawara ba."

Baba ya yi gyaran murya har sau uku.

"Umairu."

"Na'am, Baba."

"A turo su jibi. Kuma... a ba Tanko sabuwar lambar nan, ya dame ni."

Kafin biki Umair ya kawo wa Iya waya mai hoto, ya zauna kwana huɗu yana koya mata inda za ta danna. Ya kafa wa na'urar ɗan katako can sama kusa da taga. Iya ta ce ta gane, don kada hannunta ya kai ne, kuma Allah ya isa.

Washegarin tarewata, da hantsi, ina buɗe kayan da aka jera mani sai na ci karo da langar nan mai fenti ja, an naɗe ta a tsohon zanen Iya. Ban gama mamaki ba wayata ta yi ƙara. Na ɗauka. Kunne ne ya cika fuskar wayar, da ɗan kunnen azurfa da na sani tun ina goye.

"Fiddausi! Kina ji na?"

"Ina ji, Iya."

"Kin ga langar? In ya fiye latse-latse ya bar ki zaune, ki jefa abin ciki ki rufe. Yana aiki, na gwada."

Umair da ke bayana ya tuntsire da dariya. Ni ma na yi, hawaye na bin kumatuna.

"Iya, ba a kunne ake sa ta ba. Janye ta ki riƙe a gabanki, in ga fuskarki."

Sai na ji ta ja hanci, sau ɗaya, sau biyu.

"A'a," ta ce. "Bar ta nan dai. Yau kunnen za ki gani."