Habbobar da Likita Yake Nufi

Akuya ce ta fitar da Sabuwa daga gida da almuru. Baƙar nan mai taurin kai ta tsinke igiya ta yi wajen tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga a gabas da Suki. Sabuwa ta ɗauki sanda ta bi sawu, tana tafe tana zagi. Akuyar dai ta sha zagin ne kawai, amma wanda ake yi dominsa ɗan da Sabuwa ta haifa ne, Jibirin.

Wata huɗu ke nan da ya raba ta da jikarta Widad. Da damina malariya ta kama yarinyar har ta hau kai. Kwana biyu Sabuwa tana yi mata turare da rubutu kafin a kai ta asibiti a Sinnar, inda ta yi kwana uku ba ta san wanda ke kanta ba, tana ta jijjiga. Allah ya sa da sauran shan ruwa. Ranar sallama likita ya ja Jibirin gefe ya yi masa bayani da Larabci. Shi kuwa gogan, da kwana biyar ba barci a idonsa, magana ɗaya ya ƙunso ya kawo gida: wai a kiyaye yarinyar daga habboba. Habboba kuwa da Larabcin ƙasar kowa ya sani kaka ce. Kaka nawa ta rage wa Widad? Ɗaya tak.

Shi ke nan aka kafa zana tsakanin ɗakin Sabuwa da nasu. Ita da ta yanke wa yarinyar cibiya! Ita da ta goya ta har zanen goyon ya mutu! Mata suka fara janye 'ya'yansu in ta gifta, har ta ji da kunnenta an ce mayya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma abin da ya fi ci mata rai, tun da aka raba su babu mai sa wa yarinyar ido. Uwa na gona, uba na gona, 'yar shekara shida ake miƙa wa jarka a ce ta ɗebo ruwa.

Ta iso bakin tur'a rana ta faɗi, sai ɗan ja da ya rage a sama. Warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa ya cika wurin. Kwaɗi na ta kuka, injin ban ruwa na bugawa can nesa, iska na kawo ƙamshin kisra, wainar dawa, daga gari.

Sai kwaɗin suka yi tsit lokaci guda.

Injin ma ya mutu.

Wani ƙamshi ya bugi hancinta. Turarenta ne, wanda take haɗawa da hannunta, ba ta kuma taɓa koya wa kowa ba. Ta shinshina mayafinta. Ba daga jikinta yake fitowa ba.

A kan 'yar gadar siminti ta hango mutum biyu. Widad ce riƙe da jarka. Kusa da ita wata tsohuwa ta ba da baya, ta yafa mayafi ruwan toka mai faci a gefen hagu. Sabuwa ta dubi nata. Ga facin nan, ita ta ɗinka shi.

Ta ja da baya. Ta buɗe baki za ta nemi tsari, harshe ya ƙi.

Tsohuwar ta waiwayo. Fuskar Sabuwa ce sak, har tsagen kumatu da giɓin haƙori. Sai dai wannan murmushi take yi.

"Kin sha zargi a banza, 'yar'uwa," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Ba ke likita yake nufi ba."

Widad ko motsi. Idonta ya kafe wuri ɗaya. Tana tauna, ba komai a bakinta. Yatsunta na dama suka fara rawa. Jarkar ta faɗi.

Tsohuwar ta ɗora mata yatsa ɗaya a goshi.

Yarinyar ta sandare, ta yi wata irin ƙara, ta tafi da baya. Tsundum.

Nan take tsoro ya bar Sabuwa, fushin wata huɗu ya taso mata.

"Ke, don ubanki! Da fuskata za ki ɗauke mini jika?"

Ta yar da sanda ta faɗa ruwan. Laka ta riƙe ƙafa. Ruwa har wuya. Ta laluba, ta laluba, ta cafko kitso. Ta ja.

Aka ja daga ƙasa.

Hannu ne, sanyi ƙalau, ya damƙe mata wuyan hannu. Ta san zoben da ke yatsan, irin nata ne sak.

Ta nutsa kai, ta gantsara masa cizo da sauran haƙoranta, tana kiran sunan Allah a zuci.

Aka saki.

Ta jawo yarinyar tudu ta kwantar da ita ta gefe, kumfa na fita a baki, jiki na fizga. Can ya lafa. Widad ta amayo ruwa, ta ja numfashi. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu. Kan gada babu kowa.

Washegari Sabuwa ta tasa Jibirin gaba har Sinnar, ko kallonsa ba ta yi ba a mota. Da likita ya ji abin da aka kai gida, sai ya riƙe kai. Ya ce shi Habbobat as-Sigar ya ambata, wato kakar yara, sunan da mutanen ƙasar ke sakaya farfaɗiya da shi, ya kuma zaɓe shi ne don kada uban ya firgita. Yaron da malariya ta sumar kwanaki, ya yi ta jijjiga a kai a kai, shi ake ji wa tsoron ciwon ya biyo baya ko bayan watanni. Abin da ya nema shi ne a sa wa Widad ido, a nisanta ta da ruwa da wuta, a riƙa kawo ta yana dubawa. Ya rubuta ƙwayoyi na safe da yamma. Labarin gada kuwa Sabuwa ta bar wa cikinta.

Jibirin ya cire zanar da hannunsa, ya durƙusa yana ba da haƙuri. Ta ce ya tashi ya ba ta wuri, ɗan da bai bambance uwarsa da ciwo ba.

Widad ta koma ɗakin kakarta da kwana. Wata rana da la'asar Sabuwa na yi mata kitso, sai ta tambaye ta abin da ya sa ta bi matar nan.

"Na ɗauka ke ce kika huce, Habboba," in ji yarinyar. "Har yanzu ma tana zuwa bakin ƙofa in rana ta faɗi. In ta ji kina faɗa, sai ta koma."

Tun daga ranar, da almuru ta yi za ka jiyo muryar Sabuwa a ƙofar ɗakinta tana zazzaga masifa, ba ta hutawa sai an kira isha'i, alhali babu kowa a gabanta. Maƙwabta suna cewa tsufa ne.